Yadda ake ba ɗan'uwa ƙoda ba tare da an faɗa hannun dillalai ko hukuma ba

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san ranar da nake nufi. Ranar da likita zai ja ku gefe bayan an gama wankin ƙoda, yace toh jama'a, wankin nan fa riƙon ƙwarya ne, sau uku a sati awa huɗu huɗu jiki na gajiya aljihu na gajiya, in da hali gara a fara maganar dashe. Sai kowa yayi tsit, ana satar kallon juna. Mu akan Yayanmu muka ga wannan ranar, ni ne daga ƙarshe na bayar, kuma wallahi wahalar da muka sha ta rashin sanin ta ina ake farawa tafi ta tiyatar kanta. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda abin yake tafiya, musamman ɓangaren doka da takardu, dan nan ne mutanenmu suke yawan zamewa.

Ku fara da asibiti, kar ku fara da taron dangi. Kuje wajen likitan ƙoda mai duba mara lafiyan ku tambaye shi kai tsaye ko jikinsa zai ɗauki dashe, dan ba kowane mai wanki ne ake ma dashe ba, wani zuciyarsa tayi rauni, wani akwai wata cuta a jiki da sai an magance tukunna. In yace eh, sai maganar asibitin da za'ayi. Dashen ƙoda ba sabon abu bane a Najeriya, tun 2000 asibitin St Nicholas a Legas suka fara, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka bi a 2002, daga baya na Jami'ar Maiduguri shima ya shiga, ga kuma masu zaman kansu a Abuja da Legas. Duk inda kuka zaɓa, tambaya ta farko itace shin hukuma ta basu izinin yin dashe? Kar kunya ta hana ku. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda aka sa ma hannu zamanin Jonathan, cewa tayi ba'a cire wani sashi na jikin mai rai dan a dasa ma wani sai a asibitin da aka ba izinin hakan, kuma sai da rubutacciyar amincewar likitan dake shugabantar aikin jinya a wajen, sannan shi wanda ya bada amincewar ba shi zai jagoranci tiyatar ba. Ma'ana dai mutum ɗaya baya zama alƙali kuma mai wuƙa. A watan Maris na 2025 ma ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ƙaddamar da sabbin ƙa'idoji na dashen sassan jiki, dan haka asibitin da ya san abinda yake bazai ji haushin tambayar ba.

Ita dokar nan abu uku ne ya kamata kowa ya haddace a cikinta. Dole mai bayarwa ya yarda da kansa bayan an masa bayani ya gane. Dole ya kai shekara 18, dan ƙoda ba irin jini bace da jiki ke mayarwa, yaron da bai kai ba ko iyayensa sun sa hannu sau goma ba'a cire masa. Sai na ukun wanda anan rigimar take, babu saye babu sayarwa. Abinda doka ta yarda kawai shine a maida ma mai bayarwa abinda ya kashe saboda bayarwar, kuɗin mota, masauki, gwaje-gwaje da makamantansu. Amma a zauna ace za'a baka miliyan kaza, ko Keke Napep, ko fili, ko kujerar Makka, ko a kai ka Turai a sama maka aiki, duk sunan da aka sa masa, tukuici ne ko ihsani ne ko kuɗin goro, indai sharaɗi ne kafin wuƙa to ciniki ne. A dokar lafiya hukuncin cinikin tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin shekara ɗaya ko duka biyun, wanda gaskiya ni a ganina yayi kaɗan matuƙa, kuɗin da bai kai na waya ba. Kar wannan ya ruɗe ku. Akwai dokar safarar mutane ta 2015 wadda NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ke aiki da ita, in akwai yaudara ko tilas ko amfani da talaucin mutum dan a raba shi da wani sashi na jikinsa, ɗauri ne da bai gaza shekara 7 ba da tarar da bata gaza naira miliyan 5 ba.

Kuma in kana ganin kai babba ne abin bazai taɓa ka ba, tuna da Ike Ekweremadu. Mutumin da yayi mataimakin shugaban majalisar dattawa. Ƴarsa ce ke ciwon ƙoda, aka ɗauko wani saurayi ɗan shekara 21 mai talla a titin Legas aka kai shi Landan akan ɗan'uwanta ne, likitan asibitin Royal Free ya zauna dashi ya lura yaron bai ma gane me ake shirin yi masa sosai ba, ya ƙi aikin. Ba'a cire ƙodar ba fa, ko yanka ba'ayi ba. Duk da haka a watan Mayu 2023 kotu a Ingila ta ɗaure shi shekara 9 da wata 8, matarsa shekara 4 da rabi, likitan da ya haɗa abin, Obinna Obeta, shekara 10. Uba ne mai neman ceton ƴarsa, duk mai ɗa zai ji tausayin wannan, amma ɗan tallan shima ɗan wasu ne.

Yanzu dillalai. Zasu same ku, basai kun neme su ba. Mu wata rana ina zaune a benci bakin ɗakin wanki ina jiran a fito da Yaya, wani mutum tsaf dashi, hula zanna, turare, ya zauna kusa dani yayi min sannu da jiki yayi addu'a mai tsawo har na ji daɗi, can sai ya rage murya yace Malam meye rukunin jinin mara lafiyan naku, ai akwai yara masu lafiya da suke son taimakawa, takardu kuma ba matsala bane su zasu haɗa komai har na nuna dangantaka. Har da cewa shi dan Allah yake yi, la'adarsa kaɗan ce. Na karɓi lambar dan in rabu dashi lafiya, na goge a mota. Ka lura da kalmar nan ta "takardu ba matsala bane", duk wanda ya faɗa maka ita yana nufin takardun bogi, kuma ranar da abu ya fashe sunanka ne a jiki ba nashi ba. Banda haka yaron da yunwa ta kawo bazai faɗa ma likita gaskiyar lafiyarsa ba, zai ɓoye hawan jini, zai ɓoye abinda yake sha, an riga an karantar dashi amsoshin da zai bayar. Kun biya kuɗi kun sayo ma ɗan'uwanku matsala, shi kuma yaron an sallame shi da ƙoda ɗaya babu mai sake duba shi.

Toh a cikin gida wa zai bayar? Nan nake so in ɗan daɗe, dan tilas ba sai da bindiga ba. A gidajenmu abinda ake yi shine a tara mutane a falon Baba, Kawu yayi gyaran murya yace wane ai kai ne matashi baka da iyali, ko ace ma matar mara lafiya ke ai mijinki ne, a gaban kowa, Hajiya na gefe tana hawaye. Waye zai iya cewa a'a a wannan zaman? Babu. Wannan ba yarda bace, kunya ce da tsoron gori. Abinda yafi shine a faɗa ma duk manyan gida halin da ake ciki, a basu lambar sashen ƙoda, duk mai niyya yaje da ƙafarsa ba tare da an sanar a guruf ɗin gida ba. Kai kuma mai bayarwa, ka sani haƙƙinka ne likita ya ganka kai kaɗai, ba Yaya ba Kawu ba mai fassara daga cikin dangi, in baka jin Turanci a nemo wani daban. Za'a tambaye ka ko an matsa maka, ko an maka alƙawarin wani abu, ko ka san me zai iya faruwa. Faɗi gaskiya. In zuciyarka bata kwanta ba ka gaya masa, likitocin dashe sun saba da wannan, abinda za'a faɗa ma dangi kawai shine baka dace da bayarwa ba, sirrinka ne babu mai jin dalili. Kuma kana da damar fasawa har ranar da aka ɗora ka a gadon turawa zuwa tiyata, sa hannun da kayi jiya baya ɗaure ka yau.

Ni lokacin da nawa zaman yazo likitar ta rufe ƙofa ta aje biro, tace min Malam in na ce maka yanzu gwajinka bai yi ba, daɗi zaka ji ko baƙin ciki? Na daɗe ban amsa ba. Tambayar ta fi duk alluran da aka min shiga jiki.

Gwaje-gwaje kuma ka shirya zirga-zirga ta makonni, wani lokacin watanni. Ana farawa da rukunin jini, mai O yana ba kowa, mai AB yana karɓa daga kowa, A na ba A da AB, B na ba B da AB, wancan fositif da negetif ɗin da ake damuwa dashi wajen ƙarin jini ba shi da tasiri a ƙoda. Sai gwajin dacewar ƙwayoyin halitta da ake kira HLA, da wani da ake haɗa jinin ku biyu a ga ko garkuwar jikin mara lafiya zata kai ma naka hari, in ta kai toh an tsaya anan ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Abin mamaki mata da miji suna iya dacewa duk da ba jini ɗaya ba, sai dai macen da ta haihu da mutum wani lokacin jikinta ya riga ya gina garkuwa akan nashi, shi yasa miji ya ba mata yafi buƙatar lura. Daga nan sai a juyo kanka kai mai bayarwa: awon jini sau da yawa, suga, fitsari a ga ko akwai furotin ko jini, ƙarfin aikin ƙodojin, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, jinotayif, hoton ƙirji, gwajin zuciya, da sikanin na CT da zai nuna ƙodojin biyu da jijiyoyinsu. Mai suga, mai hawan jinin da bai saitu ba, mai sikila, mai yawan tsakuwar ƙoda, mai ciki, mai ƙiba sosai, galibi ana ce musu su haƙura. In an ce maka haka kar kaje kana neman asibitin da zai rufe ido, an kare ka ne. Kuma a dangin da ciwon ƙoda ke yawo, ko mutanen yankin da abin yayi yawa irin su Gashuwa, ku faɗa ma likita tarihin gida gaba ɗaya, har Kaka da ta rasu da kumburin ƙafa.

Takardu: katin ɗan ƙasa mai lambar NIN na ku biyu, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar aure in ma'aurata ne, hotuna, da rantsuwar kotu in asibitin sun nema. Ka tabbata suna da shekarun haihuwa iri ɗaya ne a ko'ina, mu harafi ɗaya a sunan mahaifinmu da ya bambanta tsakanin katina da na Yaya sai da ya ci mana kusan sati biyu. Fom ɗin amincewa ka karanta ko a karanta maka, ka ɗauki hotonsa a waya. Duk kuɗin da aka biya a biya a asusun asibiti a karɓi rasit, banda asusun wani mutum.

Masu fita waje, ku sani can ma ba kasuwa bace. Indiya da mutanenmu suka fi zuwa tana da dokarta tun 1994, baƙo da mai bashi yake zuwa daga gida, akwai kwamitin da zai zaunar daku yayi tambayoyi, sai kun kawo shaidar dangantaka daga ofishin jakadancin ƙasarku, in sun yi shakka har gwajin DNA suna sa wa. Masar tun dokar 2010 ɗan ƙasar baya ba baƙo sai in aure ne tsakaninsu. Duk ejan ɗin da yace ku zo kawai akwai ƙoda na jira a can, ku san ta bayan gida ce. Iran ce kaɗai ta halatta biyan mai bayarwa a hukumance, shima tsakanin ƴan ƙasarta.

Maganar addini, dan nasan ita ke hana wasu barci. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta dashe tun 1982, sannan majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988 ta halatta da sharuɗɗa: amfanin ya rinjayi cutarwa, mai bayarwa ya yarda yana cikin hankalinsa, kar ya zama sashin da rayuwarsa ta rataya akai kamar zuciya, kuma banda ciniki. Akwai malaman da basu yarda ba, suna cewa jiki amana ne ba mallakar mutum ba, in kana tare da fahimtarsu ba wanda zai maka dole. Amma ka lura duka ɓangarorin biyu sun haɗu akan haramcin sayarwa.

Wani abu da nake yawan ji a majalisa wai ana cire ƙodar mutane a ajiye a firij ana jiran mai saye. Ƙoda ba kilishi bace. In an cire ta ana wanke ta da wani ruwa na musamman mai sanyi a sa a ƙanƙara, kuma iyakar juriyarta kamar awa 24 zuwa 36, zuciya ma awa 4 zuwa 6 ne kawai, hanta tsakanin nan, fatar gaban ido ce ke kai wa kamar sati biyu a ruwan ajiyarta. A dashen mai rai ma ba'a jira, ɗakunan tiyata biyu ne kusa da juna, ana cirewa ana wucewa da ita. Shi yasa masu wannan harkar basa satar ƙoda su ɓoye, mutumin suke kawowa da ƙafarsa, da yaudara. Batun bayarwa bayan mutuwa kuma doka ta bada dama mutum ya rubuta a wasiyya ko takarda gaban shaidu biyu, sai dai a aikace kusan duk dashen ƙoda da akeyi a ƙasar nan daga masu rai ne, ga kuma yadda muke gaggauta jana'iza.

Kafin a sa rana ku zauna kuyi lissafin bayan tiyata, dan mutane da yawa suna tara kuɗin aiki ne kawai, a sayar da gona ayi gidauniya, a manta da magani. Mai karɓa zai sha magungunan danne garkuwar jiki irin su takrolimus da maikofenolet da firednisolon har iya rayuwar ƙodar, kullum akan lokaci, ga gwajin jini akai-akai musamman watannin farko. In ya tsaya saboda babu kuɗi jiki zai ƙi ƙodar, ya koma wanki, kai kuma taka ta tafi. Ku tambayi kuɗin maganin wata ɗaya a rubuce, ku ninka da 12, ku san su waye zasu ɗauka da sunansu, ba "Allah zai kawo" kawai ba, Allah zai kawo amma ta hannun wa?

Ita tiyatar a wajen mai bayarwa awa biyu zuwa huɗu ce, yawanci ta hagu ake ɗauka dan jijiyarta tafi tsawo, shi kuma mara lafiya a ƙasan ciki ake dasa masa, tsofaffin nashi ana barinsu inda suke. Akwai haɗari kamar kowace babbar tiyata, lissafin da aka daɗe ana bayarwa shine kusan mutum 3 cikin 10,000 na rasa rai, kaɗan ne amma ba sifili bane, kuma duk likitan da yace maka babu komai sam ka ƙara masa tambaya. Ƴan kwanaki a gadon asibiti, sati huɗu zuwa shida kafin ka koma aiki, banda ɗaukar kaya mai nauyi, dan haka in kai ɗan dako ne ko manomi ko mai acaba a tanadi abinda iyalinka zasu ci, wannan yana cikin abinda ya halatta a ɗauke maka. Ƙodar da ta rage maka tana ƙara himma har ta riƙe kusan kashi 70 cikin 100 na aikin biyun. Mutumin da ya fara bayarwa a duniya aka dace, Ronald Herrick, ya ba tagwaininsa a Boston a 1954, ya ƙara shekara 56 a duniya da ƙoda ɗaya.

Ni kwana na biyu da naji tari ya taso sai da na rungume filo a ciki, nas tana dariya tace haka kowa yake yi, ta sa ni dole na sauko na taka zuwa ƙofa. Daga ƙofar ina hango jakar fitsarin Yaya ta cika, mutumin da ya shekara baya yin na kirki. Ban taɓa zaton zan yi murna da ganin fitsari ba.

Bayan an sallame ka kowa zai koma kan mara lafiya, kai za'a manta da kai, dan haka ka riƙe kanka. Ka rabu da ibufurofen da diklofenak da haɗin kemis na ciwon jiki, ka rabu da jiƙe-jiƙen da baka san me ke ciki ba, duk likitan da zai rubuta maka magani ka fara gaya masa ƙoda ɗaya gareka. Ruwa sosai lokacin zafi, gishiri da magi a rage. Azumin farko bayan tiyata ka tambayi likitanka kafin ka ɗauka. Mace ta jira kamar shekara kafin ɗaukar ciki, in ya samu ta fara awo da wuri dan hawan jinin ciki yafi saurin kama wadda ta bayar. Sannan duk shekara awon jini, fitsari da gwajin ƙoda ko kana jin garau, kuma tun kafin tiyata ka tambayi asibitin wa zai riƙa duba ka, nawa ne, a rubuta a fayil. Ni na sa nawa a waya duk bayan Babbar Sallah, dan lokacin ne nake cin naman da ya wuce ƙa'ida.